Azurfa, jan ƙarfe ko gawayin dabino: wace hanya za ka bi wajen zaburar da magnetait?

A cikin ɗalibanmu da ke karatun digiri na biyu da na uku a Dahran da Jidda da Riyad a ƙasar Saudiyya, ba a rasa wanda mushrif ɗinsa, wato malamin da ke kula da bincikensa, zai ɗora wa aikin katalis mai maganaɗisu. Katalis shi ne abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Abin da ya sa ake son na magnetait, wato Fe3O4, wani baƙin sinadari na ƙarfe da oksijin, a fili yake: idan ya gama aiki sai ka kanga maganaɗisu a jikin kwalba, cikin ɗan lokaci baƙin garin ya taru a gefe, ka tsiyaye ruwanka. Matsalar ita ce magnetait tsurarsa malalaci ne. Ka zuba shi a kan naitirofinol, wani sinadari mai gurɓata ruwa, ka je sallar la'asar ka dawo, ruwan yana nan ɗorawa kamar yadda ka bar shi. Dole sai an taɓa fuskar ƙwayoyin, an zaburar da ita, kuma a nan ne mutum ke tsayawa yana waige-waige, domin hanyoyin suna da yawa kuma kowace takarda tana yabon tata.

Kafin komai, ka san wane aiki kake so katalis ɗin ya yi, domin aiki biyu ne ake cuɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne miƙa wa gurɓataccen sinadarin ilektiron da haidirojin daga wani farin gari mai suna sodiyam borohaidiraid (NaBH4), har ya rikiɗe ya zama wani abu. Haka 4-naitirofinol ke komawa 4-aminofinol, wanda da shi ake haɗa farasitamol. Sinadarin bai bar ruwan ba, kama kawai ya canza. Na biyu shi ne wargaza shi gaba ɗaya da sinadarai masu cinye datti kamar H2O2 (haidirojin feroksaid) ko fasalfet, irin aikin da masanin sinadarai Fenton ya fara bayyanawa da H2O2 a 1894. Hanyar da ta yi fice a na farko sau da yawa ba ta taɓuka komai a na biyu.

Abubuwan da za a auna da su

Kuɗi shi ne na farko, kuma ba kuɗin sinadari kaɗai ba. Ka lissafa tukunyar iskar gas, da lokacin da za ka jira layin na'ura, da makonnin da oda ke ɗauka kafin ta iso. Na biyu ƙarko: sau nawa za ka maimaita aiki da gari ɗaya, kuma nawa ne ke narkewa ya bi ruwa a kowane zagaye. Na uku sauƙin haɗawa. Na huɗu haɗari, gare ka a ɗakin gwaji da kuma ga ruwan da ka ce ka tsabtace.

Akwai na biyar, wanda a ƙasar nan ya kamata ya zama na farko: gishiri. Ruwan Bahar Maliya yana ɗauke da gishiri kusan giram 40 a lita, na gaɓar gabas ma ya kan haura haka. Ruwan rijiyoyi da yawa yana da zartsi, ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai kuma ga gishiri ga salfaid. Katalis ɗin da ya yi abin mamaki a tataccen ruwa yana iya mutuwa murus a ruwan masana'antun Jubail ko Yanbu. Wanda bai sa wannan a lissafi ba tun farko zai gane shi a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da gyara ya yi wuya.

Tushen da duk hanyoyin ke hawa kai

Wajen haɗa magnetait ɗin kansa, yawanci ana bin hanyar da masanin sinadarai Massart ya wallafa a 1981. Ka narka giram 5.41 na FeCl3·6H2O da giram 1.99 na FeCl2·4H2O a ruwa mililita 100 wanda aka busa wa naitirojin na rabin sa'a. Wannan ya ba ka biyu bisa ɗaya, wato Fe3+ biyu ga kowane Fe2+ ɗaya. Ka kai zafi digiri 80, ka zuba amoniya mai ƙarfin kashi 25 cikin ɗari har pH ya kai 10 zuwa 11, ka ci gaba da juyawa minti 30. Abin da za ka samu bai wuce giram 2.3 ba, ƙwayoyi masu girman nanomita 10 ko kusa da haka.

Abu uku ke ɓata wannan mataki. Idan gishirin FeCl2 ya daɗe a buɗe, musamman a laimar Jidda da Dahran, korensa ya kan juya ruwan ƙasa, ma'aunin biyu bisa ɗaya ya rushe tun kafin ka fara. Idan iska ta shiga, garin zai fito da ja-ja maimakon baƙi ƙirin, alamar ya fara komawa magemait, wato magnetait ɗin da ya sha ƙarin oksijin. Sannan kada ka juya da ɗan sandan maganaɗisu, domin garin zai manne masa ya dunƙule. Ka nemi majuyi na sama mai fiffike.

Hanya ta farko: wanka da asid ko sitiret

Ita ce mafi araha. Ka zuba sitirik asid a kan garin yana cikin ruwa, ka ɗumama zuwa digiri 80 ko 90 na sa'a ɗaya, ka wanke. Ƙwayoyin sun daina dunƙulewa, sun bazu sosai. Amma gaskiyar magana, wannan shiri ne, ba zaburarwa ba ce ta sosai. Sitiret ɗin yana zama ne daidai a kan gurabun da ake so su yi aiki, kuma idan bazuwar ta yi yawa maganaɗisu ya kan sha wahalar tattaro garin. A ruwan gishiri kuwa bazuwar ba ta daɗewa. Amfaninta shi ne share fage kafin a yi wa ƙwayoyin rufin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi.

Hanya ta biyu: ɗora azurfa, zinariya ko faladiyam

Wajen sauri da NaBH4 babu kamarta. Magnetait a nan jaki ne kawai, azurfar da ke bayansa ita ke aiki. Tambayar ita ce da me za ka ɗaure azurfar, domin idan ka ɗora ta kai tsaye za ta riƙa zubewa a kowane wanki.

Akwai rufin silika, bisa hanyar Stöber ta 1968: rabin giram na magnetait a etanol mililita 160 da ruwa 40 da amoniya 5, sannan TEOS, ruwan da silikar ke fitowa daga gare shi, mililita 1 ɗigo-ɗigo, a juya sa'a 6. Daga nan a bi da sinadarin APTES domin a dasa amin, wato ƙugiyoyi masu naitirojin da za su kama azurfa. Idan ka zuba TEOS da sauri, silika za ta dunƙule ita kaɗai, ka ga wani farin gari da maganaɗisu ba ya ja. Raunin da ba a cika faɗa ba shi ne silika tana narkewa a hankali idan pH ya haura 9, ruwan NaBH4 kuma ya kan kai 10. Kowane zagaye yana ɗan cin rufin.

Akwai kuma rufin folidofamin, wanda ya shahara tun 2007: dofamin miligiram 2 a kowace mililita, cikin ruwan Tris, sinadarin da ke riƙe pH a 8.5, a juya a buɗe sa'a 12 zuwa 24. Ya fi silika sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi da kansa yana mayar da narkakkiyar azurfa (Ag+) tsurar azurfa ba sai an ƙara wani abu ba. Sai dai dofamin yana da tsada, kuma rufin yana tsotse shuɗin metilin, wani rini da ake gwada katalis da shi, kamar soso. Sai ka ga launi ya ɓace ka yi murna, alhali rinin yana nan manne a jikin garin.

Azurfar da ake buƙata ba ta da yawa. Domin kashi 5 cikin ɗari a kan giram ɗaya, giram 0.079 na gishirin azurfa, AgNO3, ya isa. Saboda haka a ɗakin gwaji kuɗinta ba abin tsoro ba ne, na zinariya da faladiyam ne ke cin kasafi. Ba a nan gizo ke saƙar ba, a kuloraid ne. Magnetait ɗinka daga gishirin kuloraid ya fito, kuma idan bai wanku ba, azurfar za ta zama AgCl tun kafin ta zauna. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗebi ruwan wankin ƙarshe a ƙaramar kwalba, ka ɗiga AgNO3 ɗigo ɗaya, ka ɗaga ta wajen haske. Idan ka ga farin hazo kamar an ɗiga nono, ka koma wanki. A ruwa mai gishiri da iska azurfa tana narkewa a hankali, salfaid kuma yana baƙanta ta ya kashe ta, haka ma faladiyam. Zinariya ta fi jure kuloraid, amma kowa ya san farashinta a kasuwa.

Hanya ta uku: sa jan ƙarfe a cikin ginin ƙwayar

A nan ba ɗora wani abu ake yi a kai ba, ana gina CuFe2O4 ne tun daga tushe. Giram 2.42 na Cu(NO3)2·3H2O da giram 8.08 na Fe(NO3)3·9H2O suna ba da kusan giram 2.4. Ka sauko da su da NaOH a pH 11 zuwa 12, zafi digiri 90, sa'a 2, ka wanke, ka busar, ka gasa a tanderu tsakanin digiri 400 da 600. Kada ka yi amfani da amoniya a nan. Tana kama jan ƙarfe ta riƙe shi a ruwa, sai ka ga ruwan saman ya yi shuɗi mai kyau, wannan shuɗin kuwa jan ƙarfenka ne za ka zubar a kwata.

Abin sha'awa game da wannan hanya shi ne zaburarwar tana faruwa ne a cikin aikin kansa. NaBH4 yana mayar da Cu2+ na fuskar ƙwayar zuwa tsurar jan ƙarfe, kuma wannan ne ke yin aikin. Shi ya sa zagayen farko kan fara da ɗan jinkiri, na biyu ya fi shi sauri. Idan kana son kawar da jinkirin, ka jiƙa garin a ruwan NaBH4 na minti kaɗan kafin ka zuba gurɓataccen ruwan. Idan ka busar da shi a iska tsakanin zagaye, fuskar za ta sake yin tsatsa, ka koma farko. Gara ka ajiye shi a jiƙe cikin etanol.

A ganinmu wannan ce hanyar da kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu ga mafi yawan ɗalibai. Saurinta bai kai na azurfa mai kyau ba, amma bai yi nisa da shi ba, kuma kuloraid ba ya yi mata lahani nan take kamar yadda yake yi wa azurfa. Aibinta biyu ne. Maganaɗisunta rabin na magnetait ne ko ƙasa da haka, don haka tattarawa na ɗaukar lokaci kuma ana asarar gari a wanki. Sannan jan ƙarfe yana zuba idan ruwan ya yi tsami ko yana da amoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan sha miligiram 2 a lita, kifi kuwa ƙasa da haka sosai yake cutar da shi. Ka kuma duba XRD, wato awon da ke nuna irin ginin ƙwayoyin, da kyau: tsini a digiri 38.7 na zanen na CuO ne, tsini a digiri 33.2 na hematait ne, wato jar tsatsar ƙarfe, kuma idan sun fito to garinka gauraye ne, ba ka san wane ɓangare ke aikin ba.

Wasu kan sa kobal ko nikel a madadin jan ƙarfe. CoFe2O4 yana riƙe maganaɗisunsa ko bayan an janye na waje, sai ya dunƙule ya ƙi bazuwa. Nikel kuma iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.07 ce kacal. Sai da dalili mai ƙarfi za mu ba da shawararsu.

Hanya ta huɗu: cire oksijin daga fuskar

Ana gasa garin a tanderun bututu ƙarƙashin iskar da ke da haidirojin kashi 5 cikin agon, wajen digiri 300 na sa'a 2, ko a jiƙa shi a ruwan NaBH4 mai ƙarfi. Manufar ita ce a bar guraben da oksijin ya fita, a kuma ƙara yawan Fe2+ a fuska. Babu wani baƙon ƙarfe da zai zuba a ruwa, wannan kuma babbar riba ce. Tana taimaka wa aikin H2O2 da fasalfet fiye da aikin NaBH4.

Amma iska tana cike guraben a hankali, garin da ka gasa yau ba shi ne za ka tarar bayan mako biyu ba. Idan zafi ya wuce kima, garin ya kan koma tsurar ƙarfe, kuma irin wannan lallausan gari yana iya kama wuta da kansa idan aka buɗe bututu yana da zafi. Ka bari ya huce sarai a cikin agon, sannan ka shigar da iska kaɗan-kaɗan. Wahala mafi girma ita ce tabbatarwa. A awon XPS, wanda ke duba sinadaran fuskar ƙwaya, tsinin wajen 531 da ake yawan cewa shaidar gurabe ne, sau da yawa haidiroksil ne da ruwan da ke manne a fuska, kuma mai jarraba kundin da ya san aikinsa zai tsare ka a kai.

Hanya ta biyar: gawayin ƙwallon dabino

Saudiyya tana noma dabino sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, don haka ƙwallo ba abin saye ba ne ga wanda ke kusa da Ahsa ko Ƙasim. A wanke, a busar, a niƙa, a tankaɗe, a jiƙa a ruwan FeCl3 na kwana ɗaya, a sake busarwa, a gasa a digiri 600 ƙarƙashin naitirojin na sa'a 2. Gawayin yana janyo gurɓataccen sinadarin kusa da ƙarfen, yana kuma kare ƙarfen daga narkewa. Idan naitirojin ya yanke ana tsakiyar gashi, toka da jan hematait za ka kwasa. Idan zafi ya doshi 800, gawayin zai fara ƙwace oksijin daga ƙarfen, ka samu wani abu daban da wanda ka nufa.

Da NaBH4 ba ta da kuzari sai an ƙara mata jan ƙarfe. Da fasalfet kuwa tana aiki sosai, kuma ita ce ta fi kama da abin da wata rana za a iya yi da buhu-buhu. Matsalarta, gashin yau ba ya zama daidai da na gobe, saboda haka ka haɗa mai yawa lokaci ɗaya wanda zai kai ka ƙarshen aiki. Ka kuma sani cewa a ruwan gishiri fasalfet, musamman nau'in PMS (fasalfet iri biyu ne, PMS da PDS), yana taɓa kuloraid ya haifar da kulorin, wanda ke iya manne wa sinadarin ya fito da abin da ya fi na farko guba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin haɗawa | Babban haɗari | A ruwan gishiri |
|---|---|---|---|---|---|
| Asid ko sitiret | Kaɗan ƙwarai | Rauni | Rabin yini | Narkewar ƙarfe | Tana dunƙulewa |
| Azurfa a kan rufi | Matsakaici | Mai kyau a tataccen ruwa | Kwana 3 zuwa 4 | Zubar azurfa | Rauni |
| Zinariya ko faladiyam | Mai yawa | Mai kyau | Kwana 3 zuwa 4 | Asarar gari mai tsada | Zinariya ta fi jurewa |
| CuFe2O4 | Kaɗan | Matsakaici | Kwana 2 | Zubar jan ƙarfe | Da dama-dama |
| Cire oksijin | Matsakaici | Rauni a iska | Sai da tanderun bututu | Wuta | Da dama-dama |
| Gawayin dabino | Kaɗan | Mai kyau | Kwana 3 | Sinadarai masu kulorin | Tana jurewa, amma a bincika abin da ya fito |

Gwajin da zai raba gardama

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin dole ya zama iri ɗaya ga kowa. A ƙaramar kwalbar kwaz ta na'urar auna haske ka zuba mililita 2.5 na 4-naitirofinol mai ƙarfin milimola 0.1, da rabin mililita na NaBH4 mai ƙarfin mola 0.1 wanda ka haɗa yanzu-yanzu a ruwan ƙanƙara. Tsinin da na'urar ke nunawa zai tashi daga nanomita 317 ya koma 400, ɗorawar ta yi kauri. Ka ƙara maikurolita 50 na katalis mai miligiram 1 a mililita, ka riƙa karanta 400 duk bayan daƙiƙa 30. Ka tabbata sabon tsini, na 4-aminofinol, yana tasowa wajen 300. Idan 400 na sauka amma 300 bai taso ba, tsotsewa ce kawai. Kumfar haidirojin da ke manne wa gilashi tana ɓata karatu, ka ɗan ƙwanƙwasa kwalbar kafin kowane awo. Jinkirin farko kuma sau da yawa oksijin ne da ke narke a ruwan, busa naitirojin yana rage shi. NaBH4 ɗin da ya sha laima ya dunƙule a kwalba ya riga ya rasa ƙarfi, kada ka ɗora laifin a kan katalis.

Ka yi wannan sau uku: babu katalis, babu NaBH4, sannan da duka biyun. Ka sake yi da NaCl giram 10 a lita, ka sake da ainihin ruwan da kake son tsabtacewa. Ka maimaita zagaye biyar, kowane zagaye ka auna nauyin garin da ya rage, ka kai ruwan wurin na'urar ICP a duba ƙarfen da ya zuba.

Ɓacewar launi ba tsabta ba ce, kuma wannan abu yana damunmu domin ruwan nan a ƙarshe gona zai je ko teku. Shuɗin metilin da NaBH4 ya mayar fari, ka bar kwalbar a buɗe ka girgiza, shuɗin zai dawo. Rinin da ake kira jan Kongo idan aka tsinka shi ta wannan hanya yana iya sakin benzidin, wanda aka tabbatar yana jawo sankara. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ga kuma boron da NaBH4 ke bari a ruwan: a ɗan gwajin nan na sama kaɗai akwai kusan miligiram 180 a lita, alhali iyakar ruwan sha 2.4 ce, itatuwan lemo kuma ba sa jure shi a ban ruwa.

Wa ya dace da wace

Mai digiri na biyu da ke da shekara ɗaya ta gwaji da ƙaramin kasafi, ya ɗauki CuFe2O4, ya ba da ƙarfinsa ga auna zubar jan ƙarfe da gwajin gishiri. Wanda manufarsa ita ce samar da 4-aminofinol ko wani amin mai daraja a ruwa mai tsabta, inda za a tattara abin da ya fito a yi amfani da shi, azurfa a kan folidofamin ta dace da shi, faladiyam kuma idan kasafi ya yarda. Mai digiri na uku da ke son fahimtar yadda fuskar ke aiki, kuma yana da damar shiga XPS a kai a kai da tanderun bututu mai na'urar gano yoyon haidirojin, shi ne zai iya ɗaukar hanyar cire oksijin. Wanda ba shi da waɗannan ya bar ta.

Wanda kuma aka ba shi jarkar ruwan masana'anta na gaske, mai gishiri da wari, aka ce ya rage dattinsa, ya ajiye NaBH4 gefe. Ya kama gawayin dabino da fasalfet nau'in PDS, ya auna nasararsa da TOC, wato jimillar kabon ɗin dattin da ya rage a ruwan, maimakon launi, ya kuma tura samfur ɗaya wurin na'urar tantance sinadarai ta GC-MS a duba ko akwai sinadarai masu kulorin. Idan ruwan na rijiyar mai ne, ya fara auna salfaid tukuna, domin zai cinye fasalfet ɗin kafin ya kai ga abin da ake nema.